Uba Hurmuz, Sarkin Maƙoshi

Uba ɗan Malam Mu'azu bai taɓa ganin teku ba. Ruwa mafi girma da ya taɓa tsayawa a gabansa shi ne dam ɗin Tiga. Can ma sau ɗaya ya shiga kwale-kwale, kafin a yi nisan jifa ya dawo da ɗanwaken da ya ci a bakin gaɓa, aka juyo da shi yana salati yana neman gafarar mutanen da ba su ma san ya yi musu laifi ba. Duk da haka, daga Yako har Kwanar Dangora babu wanda ya kai shi sanin inda tekunan duniya suke ƙuntata, da wanda yake zaune a bakin kowace ƙuntatar, da abin da zai faru in ya yi fushi.

Garinsu Bakin Tsauni, wani ɗan ƙauye a ƙasar Kiru wanda ba a sa a taswira ba, taswirar kuma ba ta yi asarar komai ba. Bayan garin akwai unguwanni da rugagen Fulani. Gabansa akwai fadamar da shanu ke shan ruwa, da hanyar da ke fita titi. Tsakanin baya da gaba tsauni ya tokare ta dama, kwazazzabo ya buɗe baki ta hagu. Abin da ya rage a tsakiya wata siririyar ƙasa ce, doguwa kamar zariyar wando. Ita ake kira Maƙoshi, ita ce kuma gonar Malam Mu'azu.

Da can akwai burtali a gefen gonar, amma kwazazzabon ya haɗiye shi tun Uba yana goye. Malam Mu'azu bai jira an roƙe shi ba, ya bar wa mutane da shanu gefen gonarsa na sama, jikin tsauni, ya kuma ajiye randa da moɗa a gindin tsamiya don masu wucewa. Gari ya ce mutumin nan waliyyi ne. Waliyyi ko ba waliyyi ba, manomi ne. Hanyar tana sama, gonar tana gangare. Shanu ba sa shiga Maƙoshi sai bibbiyu ko uku-uku, sauran garken kuwa su tsaya a baki suna jira, suna yin abin da shanu ke yi in an tsayar da su. Safe da yamma ke nan, shekara da shekaru. Malam Mu'azu ya fito da fartanya ya tura gangare, abin da ya rage ruwan sama ya ƙarasa masa. Har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa sayen takin zamani ba, masararsa kuwa don kore har baƙi take yi.

'Ya'ya biyu ya bari, Kyauta da ƙanenta Uba. Da aka zo rabon gado, Uba ya ɗauki Maƙoshi, aka ba Kyauta wani fili can bayan tsauni, a tsallaken rafi, tsakuwa zalla, inda ko gyaɗa sai an lallashe ta. Masu rabo sun auna da igiya sun ce adalci ya tsaya. Igiya kuwa ba ta san taki ba. Kyauta ta karɓi rabonta. Da mijinta ya rasu can ta koma da awakinta, ta kafa ɗaki a kan tsakuwar.

Abin da Uba ya mallaka a duniya ke nan, wannan zariyar ƙasa da ƙafafun da ke bin ta. Ita ke cika masa rumbu. Ita ke ciyar da sana'ar matarsa Baturiya, wadda ta huda katanga ta yi 'yar taga tana miƙa wa 'yan acaɓa awara da yaji. Da ya san haka ya yi shiru, da yanzu babu labarin da za a bayar a kansa.

Amma Uba yana da ciwo, ciwon kuwa shi ne ba a ganin girmansa. Ya yi firamare har aji biyar, ya iya karanta kwalin magani, yana da rediyo tun yana saurayi, wanda yake ɗaure wa batir da roba. Duk da haka in ana ɗaurin aure shi ake miƙa wa goro a ƙarshe, bayan an tsince manya. 'Yan acaɓa su keta ta gonarsa safe da yamma, gaisuwarsu ɗan ƙaho ne kawai, wani ma ko ƙahon babu. A teburin Ja'afar mai shayi yake zuwa ya fanshe.

"Miƙo kofin nan," in ji shi. "Wannan ƙasar Farisa ce. Wannan burodin, Larabawa. Ka ga tsakaninsu? Cokali ma da ƙyar zai wuce. To nan ne mashigin Hurmuz. Man da kake sa wa janaretonka, wa ya sani ko ta nan ya bi."

"Uba, sakar mini burodi, mai shi yana jira."

"Matsalarka ke nan, Ja'afaru. Duniya tana ci da wuta, kai kana gadin burodi. Kawo gwangwanin madara in nuna maka mashigin Malakka."

"Ka nuna mana Tiga tukuna. Ta wane mashigi ɗanwaken ya fito?"

Majalisa ta kwashe da dariya. A nan aka laƙaba masa Uba Hurmuz. Tsokana ce, amma shi ya karɓa kamar an ba shi lambar girma, har ya sa aka rubuta masa a bayan kekensa.

Shekarar da wani ƙaton jirgi ya gitta a mashigin Suwez ya hana kowa wucewa, Uba ya kusa barin abinci. Ya yi ta zagaye gari da rediyo a kunne yana sanar da mutane yawan jiragen da suka yi layi, kamar dai nasa ne. Mutane suka ce to, Allah ya kyauta, suka ci gaba da sussuka. Sai ga shi da daminar wannan shekarar Allah ya kawo masa nasa jirgin har gida. Wata tsohuwar akori-kura ɗauke da buhunan gawayi ta karye a tsakiyar Maƙoshi, ranar kasuwa, ta toshe shi kamar an yi mata awo. Babu hanyar wucewa sai ta cikin masarar Uba, wadda ta kai gwiwa. Ba a taka shukar mutum sai da izininsa. Ranar nan Uba ya ga abin da bai taɓa gani ba. Mutane suna tsayawa, suna cire takalmi, suna tambayar lafiyar iyalinsa ɗaya bayan ɗaya. Wani ma'aikacin asibiti mai farar riga, da yake sauri, har ya ce masa ranka ya daɗe.

Da yamma aka ja motar. Washegari ƙaho ya dawo. Amma Uba ya riga ya ɗanɗana, wanda ya ɗanɗana zuma kuwa ba ya manta inda amya take.

Ya riƙe abin a ransa har zuwa lokacin da aka fara tsorata jiragen kaya a Bahar Maliya. Kullum rediyo sai ya ambaci Babul Mandab. Uba ya zauna ya yi nazari, ya fito da hukunci: mutanen da ke bakin wannan mashigi ba su fi kowa dukiya ba, ba su fi kowa yawa ba, amma ga manyan ƙasashe suna taro a kansu dare da rana.

"Baturiya," in ji shi, "na gano sirrin duniya. Ba mai dukiya ne sarki ba. Wanda ya riƙe maƙoshi shi ne sarki."

Tana tace waken suya ta ce, "Malam, ni ma ina jin rediyon nan ta katanga. Ba cewa ya yi jiragen sun koma zagayawa ta ƙasan Afirka ba?"

"Zagaye! Kin san wahalar zagaye? Za su gaji su dawo. Balle nan, wa zai zagaya? Bayan tsauni rafi ne, da damina ko jaki ba ya tsallakawa. Allah da kansa ya tsara ƙasar nan, ya sa ni a bakinta."

"Ya sa ka ka noma ta."

"Ke dai yi awararki."

A yi masa adalci, ya iya zaɓen lokaci. Ya jira har damina ta zauna, rafin bayan tsauni ya cika ya batse. Wata safiya masu wucewa suka tarar da gungumen ɗorawa a gicciye a bakin Maƙoshi, an tare gefe da gefe da ƙaya. Uba yana zaune a kujerar roba a gindin tsamiya, da laima, da usur a wuya. Randar mahaifinsa ya mayar da ita cikin gida.

Wani ɗan acaɓa mai suna Zayyad, da ya ɗauko buhun masara da tsohuwa a kai, ya taka birki ya sa hannu a aljihu.

"Baba Uba, nawa ne?"

"Mayar da hannunka. Ni ba ɗan kamasho ba ne. Kashe mashin. Sauka. Gaishe ni."

"Ina kwana."

"Haka kake gaida ubanka, a tsaye kamar turke?"

Zayyad ya duba tsauni, ya duba kwazazzabo, ya duba tsohuwar da ke kan buhu, ya tsuguna. Uba ya amsa a hankali, ya tambaye shi lafiyar gida da ta mashin, sannan ya busa usur ya ja gungumen da kansa.

Dokokin ba su da yawa. Mai abin hawa ya sauka ya gaisa. Shanu ba sa wucewa sai babban mutum daga ruga ya zo ya nemi izini, kowace safiya, kuma sai Uba ya gama shan kunu. Sannan dole dagaci ya naɗa shi Sarkin Mashigi. Akwai kuma waɗanda ya ce ya sa wa takunkumi, na farkonsu Ja'afar mai shayi. Burodinsa daga Kwanar Dangora yake zuwa, ta Maƙoshi. Bayan ya sayar da shayi tsura har abokan ciniki sun fara komawa koko, Ja'afar ya zo da shaidu biyu, ya amsa a gabansu cewa ranar da Uba ya shiga Tiga an yi igiyar ruwa irin wadda ba a taɓa gani ba, kuma ko masunta sun yi amai. Aka ɗage masa takunkumi.

An kai ƙara wurin dagaci. Dagaci ya tara dattawa, aka bincika, aka tarar gonar ta Uba ce ta gado, hanyar kuwa alheri ne na mamaci, alheri kuma ba a ƙwatarsa da shari'a. Ya aika mai unguwa ya ba shi baki. Uba ya bar mai unguwa a tsaye ya ce wannan magana ce ta shugaba da shugaba. Dagaci, wanda ya ga irin Uba da yawa sun zo sun wuce, ya aiko cewa batun sarauta za a duba bayan kaka.

Wannan damina ita ce sallar rayuwar Uba. Ya yi ƙiba. A ɗaurin aure aka fara miƙa masa goro kafin ladan.

Ardo Dikko, shugaban ruga, ya zo da kansa. Tsoho ne siriri, abokin Malam Mu'azu, wanda Uba ya tashi yana kira Baffa. Ya jingine sandarsa, ya tsuguna a gaban kujerar roba, ya yi gaisuwa doguwa irin tasu, har ya tambayi lafiyar kaji.

"Ardo," in ji Uba, "ka ji dokar?"

"Na ji, Malam Uba. Sai dai shanu ba su san kunu ba. In rana ta ɗaga ba su sha ruwa ba, nono yana ja baya."

"To su koya. Jiragen da suka fi garkenka tsada ma suna bin layi."

"Haka ne. Mun sha ruwan randar mahaifinka a nan."

"Wancan zamani daban."

"Gaskiya ne. Daban." Ardo ya yi murmushi, ya ɗauki sandarsa. "To. Allah ya bar zumunci."

Uba ya shiga gida yana taƙama. "Sun miƙa wuya. Ko musu bai yi ba."

Baturiya, wadda kakarta Bafulatana ce, ta ajiye mataci ta dube shi. "Malam, Bafulatani in yana yi maka faɗa, yana tare da kai. In ya ce maka to, yana murmushi, gobe ka leƙa ka ga ko bukkarsa tana nan."

"Ina za su? Rafi ya cika."

Da ya tsaya a kan maza, mai yiwuwa da an daure masa. Sai ya ji a rediyo ana tsayar da jirage ana binciken kayan cikinsu. Washegari ya tare matan ruga masu tallan nono, ya ce kowace ta sauke ƙwarya. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga faifai yana leƙawa, har da shinshinawa, a gaban 'yan acaɓa. A cikinsu akwai Hasiya, uwargidan Ardo, wadda tun tana budurwa ba a taɓa buɗe mata ƙwarya ba sai mai saye. Ta jira ya gama, ta ɗaga ƙwaryar ta tuntsurar da nonon duka a gindin gungumen, ta kife ta a ka, ta juya gida.

Da safe matan ba su zo ba. Hasiya ta ja su ta bayan tsauni, suka tattare zannuwa, suka shiga rafi ruwa har ƙirji, ƙore a ka, suna riƙe da juna. Suka fito a gonar Kyauta suna ɗigar ruwa.

Kyauta ta shimfiɗa musu tabarma, ta hura musu wuta, ta ji labari. Bayan sun wuce ta daɗe a tsaye tana kallon gonarta. Ita ma 'yar Malam Mu'azu ce, kuma ita ce take bin sa da fartanya da asuba lokacin da Uba yake naɗe a bargo. Gonarta ma gangare ce. Kafin azahar ta tuge kunya uku na gyaɗa a gefen sama, ta share, ta mirgino tsohuwar randa ta kafa a gindin wata kanya.

Da ruwa ya fara ja, shanu suka bi sawun matan. Bayan kaka aka kira aikin gayya, aka jibga duwatsu da buhunan yashi a mashigar rafin don mashin ya samu wucewa. Ja'afar ya ba da shayi kyauta, da burodi, abin da ba a taɓa ji ba. Uba ya hau tsauni ya hango su.

"Aikin banza. Ruwan farko zai tafi da shi."

Kuma ya yi gaskiya. Babban ruwan farko na daminar da ta biyo ya kwashe duwatsun har da buhunan. Uba ya yanka zakara. Mutane suka dawo Maƙoshi suna sunkuyar da kai, shanu ma suka dawo. A nan Allah ya ba shi dama ta biyu, irin wadda ba kowa yake samu ba. Da ya jefa gungumen a kwazazzabo ya fito da randa, da an yi dariya an manta. Baturiya ta faɗa masa haka, da hausar da ko kurma zai gane. Shi kuwa sai ya ƙara doka: duk wanda ya ɗauki dutse a aikin gayya zai gaisa sau biyu, shiga da fita, ya kuma faɗi da bakinsa cewa zagaye bai yi ba.

Suka faɗa. Da ruwa ya lafa suka koma suka sake jibga duwatsu, wannan karon manya, da taimakon shanun huɗa. Wani mai neman kujera ya zo wucewa ya ga taron jama'a a wuri ɗaya, ya ƙirga kawuna da ido, bai yi wata biyu ba ya aiko da siminti aka yi kwalbati. Hanyar bayan tsauni ta fi tsawo, wannan gaskiya ne, kuma tana cin mai. 'Yan acaɓa suka ƙara kuɗin haya, fasinjoji suka yi tsaki suka biya, bayan ɗan lokaci kowa ya manta an taɓa yin wani farashi.

Uba ya ci gaba da fitowa da kujerarsa da laimarsa. Ya ce dabara ce, suna gwada shi. Rana ta fito ta faɗi, abin da ya zo bakin gungume bai wuce ƙadangaru ba, sai wani baƙo mai tallan magani da ya ɓata hanya. Shi ma da aka ce ya tsuguna sai ya tambayi ko akwai wata hanyar, aka rasa wanda zai yi masa ƙarya. Ciyawa ta fara fitowa a Maƙoshi, inda ƙasa ta shekara arba'in ba ta ga tsiro ba saboda kofato.

A wannan lokacin ne dagaci ya tuna da alkawarinsa. Ya ce tun da yanzu sarautar ba za ta cuci kowa ba, babu dalilin hana bawan Allah. Uba ya sayar da ragon da yake turka wa layya, aka dafa shinkafa, aka naɗa masa rawani, Sarkin Mashigi. Ranar ya janye gungumen tun da sassafe don baƙin da za su zo daga unguwannin baya. Suka zo kuwa, da yawa, don shinkafa ba ta da abokin gaba. Amma ta hanyar Kyauta suka zagayo, suka shigo masa ta gaba. Ba don ƙeta ba. Sun saba ne kawai.

Ƙasa tana da haƙuri, amma ba ta da mantuwa. Shekarar farko gonar ta ci tsohon ƙarfinta. Ta biyu masara ta fito rawaya, siririya, ta tsaya a ƙugu ta fitar da goyo kamar yatsa. Uba ya hau keke ya tafi Kwanar Dangora sayen takin zamani, karo na farko a tarihin gidansu. Da ya ji farashi bai yi mamaki ba, don ya san dalili. Ya tsaya ya yi wa mai shagon bayani tun daga yaƙin bakin Bahar Aswad har zuwa jiragen da ke zagaye Afirka, da yadda kowane zagaye yake hawa kan buhu.

"Allah ya ƙara sani, Baba," in ji mai shago. "Buhu nawa za a ɗora maka?"

A leda ya ƙullo abin da ya samu, ya rataya a hannun keke.

Tagar Baturiya kuwa tuni gizo-gizo ya yi mata labule. Ta jira, ta jira, ranar nan ta ɗauki kaskonta da murhunta ta ce ita yanzu ta tsufa, ba mai sace ta, za ta je ta zauna a gindin kanyar Yaya Kyauta inda mutane suke.

"Wato kin koma ɓangaren abokan gaba."

"Na koma ɓangaren masu cin awara. Tuwon da kake ci da dare daga can zai fito, in kana da takunkumi ka sa masa."

Bai sa ba.

Da rumbu ya nuna gindinsa tun kafin azumi, Uba ya naɗa rawaninsa ya tafi ruga. Ya jingine keke daga nesa, ya cire takalmi, ya tsuguna. Ardo Dikko ya tarbe shi da murna kamar ɗan da ya dawo daga tafiya, ya sa aka kawo masa kindirmo. Hasiya ce ta kawo, ta ajiye, ta ɗaga faifan da kanta ta ce ya duba da kyau.

"Baffa," in ji Uba, "na cire gungumen. Na ƙone shi ma. Randa tana nan na cika ta. Ku dawo hanyarku."

"Madalla, Sarki. Ni da kaina zan so, ta fi kusa, ƙafafuna sun tsufa. Sai dai saniya in ta koyi hanya, sanda ba ta mantar da ita. Yanzu ko an sake su ba makiyayi, can suke nufa."

"To ku kwana mini a gona bayan girbi, ko na ɗan lokaci."

"Wannan mai sauƙi ne. Sai dai taki ya yi tsada, manoma duk sun waiwayo mu. Akwai waɗanda suka riga ka magana tun bara, da dawarsu a hannu. Ka shiga layi. Ai ka ce ko jirage suna bi."

Ya faɗe ta ba tare da ko ɗigon gatse a fuskarsa ba, ya kuma raka shi har bakin shinge.

Saura wuri ɗaya. Uba ya ari jaki da mangala, ya bi hanyar da ya rantse ba zai taɓa takawa ba. Ya tsallake kwalbati. Masarar Kyauta ta fi shi tsayi har da jakin, kore har baƙi, a kan tsakuwar da igiya ta ba ta. Tana zaune a gindin kanya tana ɓarar gyaɗa, Baturiya a gefenta mashina sun kewaye kaskonta. Tun daga nesa ya sauka, ya tsuguna, ba wanda ya ce masa.

"Yaya, barka da hantsi."

"Wa ya ce ka sauka? Hau abinka ka wuce. Hanya ta Allah ce."

"Ba wucewa zan yi ba. Na ce ko zan ɗan kwashi abin da shanu suka bari. Gonar Baba tana mutuwa."

"Hanya na ce ta Allah ce, Uba. Kashin shanun nawa ne."

'Yan acaɓa suka daina tauna. Kyauta ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta ta bar shi a tsugune, sannan ta ce bayanta ya fara ciwo, tana neman mai tura mata taki gangare kowace safiya kamar yadda Baba yake yi. Wanda ya yi, mangala biyu nata, ta uku tasa. Don gonar Baba, ba don rawaninsa ba.

Aikin da yake yi ke nan har yau. Da hantsi za a same shi a hanyar Kyauta, da fartanya, da rawani, da rediyo a rataye a reshen kanya. Maƙoshi ta fara farfaɗowa kaɗan kaɗan, daidai abin da jaki ɗaya zai iya. Gaisuwa kuwa yana samu fiye da da, don duk mai wucewa sai ya rage gudu ya ce, "Sannu da aiki, Sarki," shi kuma ya ɗaga fartanya ya amsa da nauyi.

Kwanan baya rediyo ya sake ambaton Hurmuz. Uba ya dogara da fartanya ya saurara har ƙarshe. Sannan ya juya ya daɗe yana kallon kwalbatin, yadda shanu ke matsuwa a kansa bibbiyu, rafi ta dama, rafi ta hagu.

"Yaya," in ji shi a hankali, "kin lura kuwa, wurin nan gungume ɗaya kacal..."

Kyauta ta miƙa hannu ta kashe rediyon, ta zare batir ɗin ta ƙulle a bakin zaninta.

"Ga can an yi sabo," in ji ta. "Kwashe kafin mashin ya taka."